Björk: Bahaguwar Mawaƙiyar da Ta Sauya Tsarin Rangadi

A sana'ar waƙa ta Turai da Amurka akwai wata al'ada da ta daɗe har ta zama kamar doka. Mawaƙi zai shiga situdiyo ya naɗi waƙa goma ko goma sha biyu, kamfani ya buga su a faifai, shi kuma ya tattara makaɗansa ya shiga rangadi. Yau yana wannan gari, gobe yana wancan, a kwana a mota a wayi gari a filin jirgi, har shekara ta zagayo. Manufar wannan wahala ba ɓoyayya ba ce, tallar sabon kundi ce. Kundin shi ne haja, rangadin kuwa yawon talla. In an gama zagayen a huta kaɗan, a koma situdiyo, a sake sabon lale.

Mawaƙiyar nan ta ƙasar Ayislan, Björk Guðmundsdóttir, ta bi wannan hanya kamar kowa a farkon fitowarta. Amma cikin shekara talatin, daga 1993 zuwa 2023, ta yi ta warware al'adar zare bayan zare, har ta kai ta juya ta gaba ɗaya. 'Yan jarida sun fi son su tsaya a kan tufafinta da abin rufe fuskarta da irin yadda take karya murya, su kira ta bahaguwa, wasu ma su yi mata kallon mai taɓin hankali. Ni a ganina bahagon halin nata na gaskiya ba a jikin riga yake ba. Yana cikin wata tambaya da ta ƙi daina yi wa kanta duk lokacin da ta gama kundi: waɗannan waƙoƙi, a wane irin ɗaki ya kamata a ji su, da waɗanne kayan kiɗa, kuma mutum nawa ne za su iya ji da kyau a lokaci guda?

An haife ta a birnin Reykjavik ranar 21 ga Nuwamba 1965, a tsibirin da har yau mutanensa ba su cika rabin miliyan ba, ƙasar duwatsu masu aman wuta da ƙanƙara da dogon dare a lokacin hunturu. Tun tana ƙarama aka sa ta makarantar koyon kiɗa, inda ta koyi sarewa da fiyano. Wata rana aka sa muryarta a gidan rediyon ƙasar, wani kamfani ya ji ya nemi iyayenta, sai ga kundinta na farko a 1977 tana yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya zuwa sha biyu. Bayan haka ta juya wa wannan hanya baya, ta shiga ƙungiyoyin matasa masu kiɗan bore, irin waɗanda ba ruwansu da kamfani ko kasuwa. Daga cikinsu ne ƙungiyar Sugarcubes ta fito a 1986. Waƙarsu "Birthday" ta shiga kunnen 'yan jaridar Ingila a 1987, kafin ka ce kwabo ƙungiyar da aka kafa don raha ta zama wadda duniya ta san da zamanta. A 1992 har sun bi ƙungiyar U2 suna buɗe mata wasa a manyan filayen Amurka. A nan Björk ta fara ɗanɗana rangadi irin na kasuwa, inda mawaƙi ke zama ɗan ɗigo a idon wanda ke kujerar ƙarshe. A ƙarshen shekarar ƙungiyar ta watse.

Björk ta koma Landan da zama tare da ɗanta, ta haɗu da mai tsara kiɗa Nellee Hooper, suka fitar da Debut a watan Yulin 1993. Kamfanin da ya buga shi ƙarami ne, One Little Indian, kuma ba ta bar shi ba har yau, ko da yake ya sauya suna zuwa One Little Independent a 2020. Wannan riƙon amana yana da muhimmanci ga duk abin da ya biyo baya, domin babban kamfani ba zai zuba ido mawaƙiyarsa ta yi abubuwan da za mu gani ba. Kundin ya kai mataki na uku a jerin waɗanda aka fi saye a Birtaniya, ya kuma kawo mata kyaututtukan Brit guda biyu a 1994. Makaɗan da ta fita rangadi da su hoton Landan ta wancan lokaci ne: Talvin Singh, ɗan asalin Indiya, yana kaɗa tabla, Leila Arab wadda aka haifa a Iran tana kan madannan kiɗa. Post ya biyo baya a watan Yunin 1995, da rangadin da ya ci kusan shekara biyu. Ko a lokacin akwai alamar abin da ke tafe, don maimakon ta ɗauki rundunar masu goge sai ta ɗauko Bajafane mai akodiyon, Coba, ya maye gurbinsu shi kaɗai. Amma tsarin tafiyar na kowa da kowa ne: gari bayan gari, hira bayan hira.

Shekarar 1996 ce ta nuna mata iyakar wannan rayuwa. A watan Fabrairu, bayan doguwar tafiya, ta far wa wata 'yar jarida a filin jirgin Bangkok, hotunan suka zagaya duniya, daga baya ta nemi gafara. A watan Satumba kuma 'yan sandan Landan suka tare wani ƙunshi mai haɗari da wani mutum daga Amurka, wanda ya ƙwallafa rai a kanta, ya aiko mata ta gidan waya kafin ya kashe kansa. Ta tattara ta bar Landan, ta tare a wani situdiyo kusa da Malaga a kudancin Sifen.

A can, nesa da gida, ta yi kundin da ya fi kowanne kama da gida. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Homogenic, wanda ya fito a watan Satumban 1997, an gina shi a kan abu uku kacal: murya, gogen Turawa, da bugun na'ura mai kaushi da ta so ya yi kama da rugugin duwatsun ƙasarta. Da ta tashi rangadi ba ta ƙara komai a kai ba. Masu goge takwas 'yan Ayislan a gefe guda, Mark Bell da na'urorinsa a ɗaya gefen, ita a tsakiya. Wannan ne karo na farko da dandamalinta ya zama bayanin kundin, wanda ya kalla zai gane yadda aka ƙera waƙoƙin tun kafin ta buɗe baki.

Abin da ya biyo baya shi ne inda nake ganin tafiyar ta ɗauki saiti na haƙiƙa. A shekarar 2000 ta fito a fim ɗin Dancer in the Dark na Lars von Trier, ta rubuta waƙoƙinsa, aka ba ta kyautar jarumar da ta fi kowa a bikin Cannes. A watan Maris na 2001 ta halarci bikin Oscar sanye da rigar da Marjan Pejoski ya ɗinka mai siffar farar agwagwar ruwa, dogon wuyanta ya zagayo kafaɗarta. Jaridun Amurka suka yi ta yi mata ba'a. Abin takaici ne ƙwarai a ce har gobe mutane da yawa wannan riga kaɗai suka sani game da ita, alhali a daidai wannan lokaci tana kammala aikin da ya fi na kusan duk tsararrakinta hangen nesa.

Lokacin Napster ne, matasa sun fara sauke waƙa kyauta daga intanet, kamfanoni suna kuka suna kai ƙara. Ita kuwa sai ta zauna ta yi nazarin yadda sauti ke lalacewa in an matse shi don ya bi ta waya ya fito daga ɗan lasifikar kwamfuta. Ta lura cewa wasu kayan kiɗa ba sa rasa kyawunsu a wannan hanya: garayar Turawa mai tsirkiya da yawa, akwatin kiɗa irin na wani, da selesta mai ƙarar ƙananan ƙararrawa. Da su ta gina Vespertine, wanda ya fito a watan Agustan 2001. Maimakon ganga, an yi bugun da ƙananan sautukan cikin gida, irin su kaɗa katin karta da takun ƙafa a kan dusar ƙanƙara. Waƙoƙi ne na raɗa, na mutum shi kaɗai a ɗakinsa. To yaya za a yi raɗa a filin da ke ɗaukar mutum dubu ashirin? Ba ta ko gwada ba. Ta zaɓi gidajen wasan kwaikwayo da na ofera da majami'u, waɗanda wasunsu an gina su tun kafin a ƙirƙiro lasifika, inda bango da rufi ke ɗaukar murya su kai ta kunnen mai sauraro. Ta yi wasa a Sainte-Chapelle ta birnin Faris, ta yi a Royal Opera House ta Landan a watan Disamba. Ta tafi da cikakkiyar rundunar makaɗa, da Zeena Parkins mai garaya, da mutum biyu na ƙungiyar Matmos masu haɗa sauti nan take a idon jama'a, da 'yan amshi mata 'yan ƙabilar Inuit waɗanda ta je har Girinlan ta zaɓo. Duk mai lissafin kuɗi zai gaya maka wannan ba dabara ba ce: makaɗa sun ƙaru, kujeru sun ragu. Amma daga nan ba ta sake yarda a zaɓar mata ɗaki don yawan kujerunsa kawai ba.

Medúlla na 2004 kusan duk da muryar ɗan Adam aka yi shi, ba kayan kiɗa sai jefi-jefi. Akwai Tanya Tagaq mai waƙar maƙogwaro ta Inuit, akwai Rahzel mai yin ganga da baki. Ta rera waƙa ɗaya daga ciki a bikin buɗe gasar Olamfik ta birnin Atina a watan Agusta, rigarta tana buɗewa tana rufe kawunan 'yan wasa. Rangadi kuwa ba ta yi masa ba sam.

Sai ta yi juyi guda zuwa baya. Volta, a watan Mayun 2007, kundi ne na fita waje da hayaniya. Ta yi aiki da Timbaland na Amurka, da ƙungiyar Konono Nº1 ta Kinshasa masu kiɗan likembe da aka haɗa da lantarki, ta kuma je Bamako ta naɗi kiɗan Toumani Diabaté, gwanin kora mai tsirkiya 21, wanda ya rasu a watan Yulin 2024. Wanda ya saba da kiɗan Mali zai ji daɗin yadda aka bar korar ta yi numfashi a waƙar, ba a binne ta ƙarƙashin na'ura ba. Rangadin Volta shi ne mafi kama da na gargajiya a duk shekarunta na baya-bayan nan: kusan shekara ɗaya da rabi, wasanni sama da saba'in, manyan bukukuwa irin su Glastonbury, da mata goma 'yan Ayislan masu busa ƙahonin tagulla. A nan ne kuma bakinta ya jawo mata. Tana da wata waƙa, "Declare Independence", da ta sadaukar ga Girinlan da tsibiran Faro waɗanda ke ƙarƙashin Danmak. A birnin Shanghai, a watan Maris na 2008, ta ambaci sunan Tibet a ƙarshenta. Ma'aikatar al'adu ta ƙasar Sin ta fito ta yi tir, ta ce za ta ƙara sa ido a kan mawaƙan waje.

Wannan doguwar tafiya ta bar mata abu biyu. Na farko ciwo: an gano ƙari a igiyar muryarta, wanda sai a 2012 aka yi mata aiki aka cire. Na biyu sha'awa: a kan dandamalin Volta makaɗanta sun yi amfani da allunan da ake sarrafa sauti da su ta hanyar shafawa da yatsa, tun kafin iPad ya shigo kasuwa a 2010. Ta ga cewa da irin wannan allo yaro zai iya ganin yadda kiɗa yake, ya taɓa shi, ba sai an fara ɗora masa haddar alamomi ba.

A daidai nan ya kamata a dubi halin da kasuwar take ciki. Daga 1999 zuwa 2014 kuɗin da ake samu daga sayar da waƙoƙin da aka naɗa a duniya ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari, a ƙididdigar ƙungiyar kamfanonin faifai ta duniya, IFPI. Faifan CD ya mutu a tsaye, sauraro ta intanet bai fara biya da kirki ba. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya: mawaƙa suka koma dogaro da kuɗin tikiti, kundi ya zama shi ne tallar rangadi, rangadi ya zama abincin. Kowa ya ƙara yawan garuruwa, ya ƙara girman fili. A wannan lokaci ne Björk ta yanke shawarar rage tafiya.

Biophilia na 2011 shi ne tsakiyar wannan labari, kuma shi ya fi cancanta a tsaya a kansa. Waƙa goma ce, kowacce an ɗaura ta da wani abu na halitta da kuma wani darasi na ilimin kiɗa. Ɗaya tana kan walƙiya, ɗaya kan wata da yadda yake cika yana raguwa, ɗaya kan ƙwayar cuta da yadda take yaɗuwa, ɗaya kan farantan ƙarƙashin ƙasa da ke gugar juna, abin da ɗan Ayislan ya sani a jikinsa tunda tsibirinsu a kan mahaɗar biyu daga cikinsu yake zaune. Kowace waƙa tana da manhajarta a iPad, inda mai sauraro zai iya wasa da ita, ya sauya ta, ya ga tsarinta. Ba ta tsaya nan ba, sai ta sa aka ƙera kayan kiɗan da babu su a duniya. Akwai wanda aka haɗa selesta da ƙarafan gamelan na Indunusiya. Akwai wasu manyan lilo guda huɗu masu tsirkiya, waɗanda ke kaɗa kansu yayin da nauyinsu ke kai su yana dawo da su. Akwai kuma na'urar Tesla mai fitar da tartsatsin lantarki, wadda aka saita ta yadda ƙarar walƙiyarta za ta bi amon waƙa.

Irin waɗannan kaya ba a kwance su da dare a ɗaura da safe a wani gari. Saboda haka ta sauya tsarin gaba ɗaya. Ta fara a Manchesta a tsakiyar 2011, a wani tsohon zauren kasuwa, watanni kafin kundin ma ya fito a watan Oktoba. An kafa dandamalin a tsakiyar zaure, jama'a suka kewaye shi, ba wanda ya yi nisa. 'Yan amshi mata 24 na ƙungiyar Graduale Nobili suna tare da ita, muryar David Attenborough, dattijon nan mai shirye-shiryen namun daji, tana gabatar da waƙoƙin. Takan zauna a gari guda makonni, ta yi wasa jefi-jefi, a sauran ranakun kuma a kawo 'yan makaranta su koyi kimiyya da kiɗa da waɗannan kaya da manhajoji. Haka aka yi a Reykjavik, da Niyok inda aka yi wasu wasannin a cikin gidan nune-nunen kimiyya, da Buenos Aires da Faris da Tokiyo, aka rufe a Landan a watan Satumban 2013. Mai karatu Bahaushe zai gane bambancin da sauƙi in ya tuna makaɗin da ke bin kasuwanni da gidajen biki, da kuma makaɗin fada wanda ke zaune wuri guda, mai son ji ya zo ya same shi. Björk ta bar sahun farko ta koma na biyu, sai dai fadar tata da hannunta take gina ta a kowane gari.

Ba a banza aikin ya tafi ba. Makarantun Reykjavik sun ɗauki darussan, daga baya Majalisar Ministocin ƙasashen arewacin Turai ta ɗauki nauyin gwada su a yankin. A 2014 gidan adana kayan fasahar zamani na MoMA a Niyok ya sa manhajar Biophilia cikin taskarsa, ita ce manhaja ta farko da ta samu wannan matsayi. Duk da haka gaskiya ɗaya ce: a cikin waƙoƙin goma akwai waɗanda tunanin da ke bayansu ya fi daɗin da ke cikinsu. Wanda ya saurari faifan kaɗai, bai ga lilon ba, bai taɓa manhajar ba, zai iya jin kamar an ba shi rabin abu. Wannan aibi ne na gaske, kuma shi ne farashin mayar da kundi wani ɓangare na babban gini.

Vulnicura ya zo ta wata fuska dabam. Rabuwarta da abokin zamanta na shekaru, mai fasahar nan Matthew Barney, ita ta haifi waƙoƙin, har an rubuta a takardar faifan wata nawa kafin rabuwar ko bayanta aka yi wasu daga ciki. An shirya fitar da shi a watan Maris na 2015, ɓarayin intanet suka riga ta, dole ta sake shi a watan Janairu. Ta fara rangadin a Carnegie Hall ta Niyok da masu goge da Arca, mai haɗa sauti daga Benezuwela. Zuwa watan Agusta ta soke sauran wasannin, daga baya ta bayyana cewa rera waɗannan waƙoƙi dare bayan dare ya yi mata nauyi. Ina ganin wannan ma yana cikin darasin. Akwai waƙar da ba a maimaita ta sau ɗari ba tare da ta zama ƙarya ba, kuma ta gwammace ta tsaya da ta kai ga haka. A wannan shekarar ne MoMA ya shirya baje kolin tarihin aikinta, masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, yawancinsu suna ɗora laifin a kan masu shiryawa.

Bayan duhu sai ta nemi haske. Utopia na watan Nuwamban 2017 cike yake da sarewa da kukan tsuntsaye, ta koma ga abin busar da ta koya tun tana yarinya, ta tara mata goma sha biyu masu sarewa ta rubuta musu abin da za su busa. Daga wannan kundi Cornucopia ya fito, wasan da ita kanta ta ce shi ne mafi wahalar haɗawa a rayuwarta. An buɗe shi a watan Mayun 2019 a The Shed, sabon zauren da aka gina a Niyok, dare takwas, ƙarƙashin jagorancin Lucrecia Martel, daraktar fim 'yar Ajantina. Akwai labule masu motsi da ake haska hotuna a kansu, da lasifikoki da suka kewaye masu sauraro ta kowace kusurwa. Akwai mata bakwai masu sarewa, da wata sarewa mai siffar zobe da mutum huɗu ke busawa tare ita kuma tana tsaye a tsakiya. Akwai ganga ta ruwa, da wani ɗan ɗaki da injiniyoyin kamfanin Arup suka taya ta tsarawa, wanda take shiga ta rera waƙa don a ji amsa-kuwwar murya ta asali ba ta na'ura ba. 'Yan amshin Hamrahlíð su hamsin, ƙungiyar da ita ma ta taɓa zama 'yarta tana budurwa, su suka buɗe wasannin Niyok. Kusa da ƙarshe akan haska saƙon Greta Thunberg a kan sauyin yanayi.

Annobar korona ta tsayar da komai. Björk ta zauna a Ayislan zama mafi tsawo tun ƙuruciyarta, ta yi wasanni huɗu da makaɗan ƙasar a zauren Harpa a ƙarshen 2021, aka tara taimako ga gidan da ke ba matan da aka ci zarafinsu mafaka. A wannan zama ne ta yi Fossora, wanda ya fito ranar 30 ga Satumban 2022. Kundi ne na ƙasa da saiwa da laimar kwaɗi, an gina shi a kan algaitun Turawa shida masu kaurin murya da bugu mai tsananin sauri daga wasu matasan Indunusiya. 'Ya'yanta biyu sun sa murya a ciki, waƙa biyu kuma ta'aziyya ce ga mahaifiyarta, Hildur Rúna Hauksdóttir, wadda ta rasu a 2018, matar da ta taɓa yin yajin cin abinci a 2002 don adawa da gina madatsar ruwa da masana'antar alminiyom a gabashin ƙasar.

Abin da ya faru da Fossora shi ne ƙarshen juyin da aka faro tun 1997. Sabon kundi ya fito, amma ba a yi masa nasa rangadin ba. Sai aka ɗauki wasu waƙoƙinsa aka shigar da su cikin Cornucopia, wanda ya ci gaba a 2023 a Perth ta Ostareliya da Japan da Turai, aka rufe shi a Bordeaux ta Faransa a watan Disamba. Wasan ya girmi kundin da shekara uku, kuma shi ya karɓi baƙuncinsa. A cikin fiye da shekara huɗu ba a yi shi sau hamsin ba, adadin da wasu mawaƙan kan cika a wata uku.

Akwai abin da ba zan kawar da kai daga gare shi ba. Wasan da ya kai wannan nauyi tikitinsa tsada gare shi, kuma biranen masu hali kaɗai ke iya ɗaukarsa. Cornucopia bai taka ƙasar Afirka ba ko sau ɗaya, duk da cewa mai shi ta sha daga rijiyar Bamako da Kinshasa. Ko a garinsu Reykjavik sai da aka soke wasannin da aka shirya a watan Yunin 2023 saboda matsalar haɗa kayan. Kuma wasan da ke wa'azi a kan ceton muhalli amma yana buƙatar jigilar kaya masu yawa daga nahiya zuwa nahiya, dole a yi masa tambaya. Amsar da ta bayar ita ce fim: an ɗauki wasan Lisbon na watan Satumban 2023, aka sake shi ta Apple a watan Janairun 2025, ya shiga gidajen sinima a watan Mayu. Ya rage gibin, bai cike shi ba, domin mutumin da ya gina komai a kan yadda sauti ke zagaya ɗaki ba zai ce allon waya ya wadatar ba.

Duk da wannan, hukuncina yana gefenta. An zaɓe ta takarar Grammy sau 16 ba ta ci ko ɗaya ba, ko da yake an ba ta kyautar Polar ta Suwidin a 2010, kuma babu alamar rashin ya sa ta sauya ko da waƙa guda don ta gamsar da masu bayarwa. A farkon 2025 ta faɗa wa wata jaridar Suwidin cewa Spotify na daga cikin mafi munin abin da ya samu mawaƙa, ta kuma nuna cewa ita ta yi sa'a, ba dole ne ta yi ta yawon wasa don ta ci abinci ba, sa'ar da yawancin matasan mawaƙa ba su da ita. Ba kowa ne zai iya ƙera lilo mai kaɗa kansa ko ya ɗauki 'yan amshi hamsin ba, kuma ba wannan ne abin koyi a wurinta ba. Abin koyin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: mawaƙi ya san abin da waƙarsa ke bukata kafin ya karɓi gayyata, ya ƙi filin da zai kashe ta, ya kuma tsaya in muryarsa ko zuciyarsa ta gaji. A cikin mawaƙan da suka yi fice a shekarun 1990, ƙalilan ne suka riƙe wannan ƙa'ida shekara talatin, kuma Björk ce a gabansu.